Cikin da ya yi girma amma ɗan ba ya shuri

'Yar'uwa, idan kin taɓa ɗaukar ciki, kin san yadda ɗa ke tashin uwarsa da shuri cikin dare. Ki juya hagu ya ƙi, ki juya dama ya ƙi, har ki ce wannan tun bai zo duniya ba ya fara rigima. Mu mata mun iya ƙorafi a kan shurin nan, amma shi ne yake gina jikin jariri. Gwiwa ba ta zama gwiwa mai lanƙwasuwa sai ɗan tayi ya yi ta naɗe ta yana miƙewa. Huhu ba ya girma yadda ya kamata sai ƙirji ya yi ta motsi irin na numfashi, tun babu iskar da za a shaƙa. Hatta ruwan da yake kwance a ciki, haɗiyarsa yake yi, shi ya sa ba ya taruwa ya yi yawa. Motsin yana farawa tun wajen mako na 8, lokacin da ke kanki wataƙila ba ki gama tabbatar da cikin ba. Sai wajen mako 18 zuwa 20 mai cikin fari take fara ji, wadda ta saba haihuwa kuwa takan riga haka.

To akwai wata lalura, ba ta da yawa, wadda take hana ɗan tayi wannan motsi. Zan ba ki labarinta ne saboda ta shigo gidanmu har sau biyu kafin mu ji sunanta, kuma kafin sunan ya zo, sunaye da yawa aka laƙaba wa ƙanwata.

Mu mutanen ƙasar Shanono ne, can inda Kano ta haɗa iyaka da Katsina, ƙasar gero da dawa da gyaɗa, inda gona ke manne da gona, gida manne da gida, kuma da wuya ki yi sallama a wani gida ba ki tarar da danginki ba. Ƙanwata ta auri ɗan wan mahaifinmu, aure na so da yardar kowa. Haihuwarta ta fari mace ce lafiyayya, tana nan tana zuwa makaranta. Ciki na biyu ne ya zo da wani salo. Tun yana wata shida ya yi girman na wata tara, fatar cikin tana sheƙi, ba ta iya sunkuyawa ta hura wuta, numfashi ma da ƙyar idan ta kwanta. Duk wadda ta gan ta sai ta ce tagwaye ne, har an fara tsokanarta da Hassan da Hussaini. Ita kuwa abin da take faɗa wa Inna a ɓoye shi ne ba ta jin shuri, sai wani ɗan zillo can ba a rasa ba. Inna ta ce wani ɗan haka yake, mai sanyin hali ne. Wata goggonmu ta ce cikin ne yake son kwanciya, a nemo maganin tayar da shi.

A wata na takwas faya ta fashe, ruwa ya jiƙa tabarma ya bi ƙasa, ɗan ya zo da ɗuwawu. Namiji ne. Hannuwansa a miƙe sun ƙi lanƙwasuwa, yatsunsa a dunƙule wani kan wani, ƙafafunsa sun murɗe ciki, haɓarsa 'yar ƙarama. Ya yi wani ɗan kuka siriri, ya yi ta kokawa da numfashi, bai kai la'asar ba. Ungozoma ta yi saurin naɗe shi a zane, ko uwar ba ta gama ganinsa ba.

Bayan shekara biyu aka sake. A wannan karon ta je awo, har ta yi sikanin a wani shago tana wata bakwai. Minti uku bai cika ba aka goge mata man, aka ce ɗa ɗaya ne, mace, kuma ruwa ya yi yawa, shi ke nan. A asibiti ta haihu, jaririyar ta zo kamar an zana wanta, ta kwana ɗaya da robar iska a hanci ta koma.

Daga nan ne maganganu suka taso. Wasu suka ce wabi ce. Wasu suka ce ta yi wanka da magariba a waje, iska ta shafe ta. Aka ce sammu ne, aka fara kallon wata baiwar Allah da ba ta ji ba ta gani ba. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na wata dattijuwa da ta ce mahaifarta ce ke murɗe 'ya'ya, a yi wa yaron nan wani auren kafin ya ƙare ba shi da magaji. Ƙanwata ta sha rubutu da hayaƙi da jiƙe-jiƙe har ta rame, ba ta taɓa cewa uffan ba. Wata rana muna tsinkar zogale ta ce min, "Yaya, ni ba mutuwarsu ce ta fi damuna ba, wannan hukuncin Allah ne. Abin da ke hana ni barci, ko wani abu na yi musu."

Da ta sake samun ciki, ban jira ya yi ƙwari ba na ɗauko ta zuwa Kano, muka bi layi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ita da mijinta. Likitar da ta gan mu ta ɗauki takarda ta fara zana dangi: waye uban wa, waye ya auri wa, akwai wadda ta taɓa haihuwar irin wannan a gidan? Sai ga mijin ya tuna cewa wata goggonsu da ta rasu tuntuni an ce ta binne jarirai uku "masu sandararrun ƙafa". Ya kuma fito da wayarsa, cikin jin nauyi, ya nuna hoton jaririyar da ya ɗauka a asibiti, wanda bai taɓa nuna wa kowa ba, har matarsa. Likitar ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce abin da ta gani ya yi daidai da abin da suke kira Pena-Shokeir.

Sunan wasu likitoci biyu ne, Sergio Pena ɗan ƙasar Burazil da Mohamed Shokeir, waɗanda suka bayyana lalurar a shekarar 1974 suna aiki a Kanada. Daga baya aka gane cewa alamomin nan duk reshe ne, tushen ɗaya ne: rashin motsi. A 1983 wani likita a Amurka mai suna Moessinger ya yi wa 'ya'yan ɓera da ke ciki allurar wani magani mai shanye jiki. Da aka haife su, sai ga su da ƙagaggun gaɓoɓi, ƙaramin huhu, ƙaramar haɓa, gajeriyar cibiya, da ruwa mai yawa a mahaifa. Wato dai gaɓoɓin da kansu lafiya aka halicce su, zama wuri ɗaya ne ya daskarar da su, kamar ƙyauren da aka shekara ba a buɗe ba. Abin da ya hana motsin yana iya kasancewa a ƙwaƙwalwa, ko a laka, ko a mahaɗar jijiya da tsoka, ko a tsokar kanta. Abin da ke ɗaukar ran jaririn kuwa huhu ne, domin bai girma ya isa riƙe numfashi ba, kuma babu na'urar da za ta gina huhun da bai ginu ba.

Likitar ta juya wajen mijin ta tambaye shi ko ya san yadda ake gadon sikila. Ya ce ya sani, AS da AS. Ta ce to haka wannan take a yawancin iyalan da abin ya maimaitu. Uwa tana ɗauke da ƙwayar gado guda ɗaya mai matsala, uba ma yana ɗauke da irinta, su biyun lafiyarsu ƙalau ba su san da ita ba. Sai ɗa ya karɓo daga ɓangarorin biyu sannan ta bayyana. A kowane ciki, ɗaya cikin huɗu ne. Ni yadda na fassara wa Inna da muka koma gida shi ne: ki zuba wake huɗu a ƙwarya, uku farare ɗaya ja, ki rufe ido ki ɗauka. Kowane ciki ɗauka ɗaya ne, kuma bayan kin ɗauka mayar da waken ake yi. Shi ya sa wata za ta ɗauki ja sau biyu a jere, wata ta haifi bakwai ba ta taɓa cin karo da shi ba, alhali ƙwaryarsu ɗaya.

Ki lura da wannan, 'yar'uwa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Na ga yadda mijin ƙanwata ya sunkuyar da kai da ya ji haka. Ba mugu ba ne, bai taɓa goranta mata ba, amma shekara huɗu yana jin ana ɗora mata laifi bai tanka ba. A mota muna komawa, mun wuce Gwarzo, ya ce mata, "Maman Yara, ashe tare muke ɗauke da kayan nan." Ba ta amsa ba, ta juya tana kallon gonaki.

Ba mu kaɗai ba ne a duniya. A ƙasar Finlan akwai wani nau'in wannan lalura da wata likita mai suna Riitta Herva ta bayyana a 1985, yana samun kusan ciki ɗaya cikin 25,000 a can, kuma 'ya'yan sukan mutu tun a ciki kafin mako 32. Sai a 2008 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi, wato wadda ake kira GLE1. Mutanen Finlan ba su da al'adar auren ɗan wa da 'yar ƙani irin tamu, amma a arewa maso gabashin ƙasar jama'a sun fito ne daga kakanni 'yan kaɗan, suka daɗe suna aure a tsakaninsu. A cikin Larabawan ƙauye na hamadar Naƙab kuma, inda auren zumunci ya yi ƙarfi, an gano ƙwayoyin gadon da ke haddasa wasu nau'o'i biyu daban a 2007. Duk inda dangi suka daɗe suna juya jini ɗaya, ƙwayar da take ɓoye tana samun hanyar haɗuwa da 'yar'uwarta.

A nan na san wata za ta ce to ga shi nan, an zo kan auren zumunci. Ni 'yar auren zumunci ce, kuma na ga alherinsa: yarinya ba ta zama baƙuwa a gidan miji, surukarta goggonta ce, idan rigima ta taso a tsakar gida ake kashe ta. Yawancin masu irin wannan aure 'ya'yansu lafiya suke. Wani babban bincike da aka yi a garin Bradford na Ingila, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa haihuwar jariri da wata naƙasa tana tashi daga kusan 3 cikin 100 zuwa kusan 6 cikin 100 idan ma'aurata 'ya'yan wa da ƙani ne. Ninki biyu ne, amma har yanzu 94 cikin 100 lafiya lau. Abin da nake ganin bai dace ba shi ne gidan da aka binne jarirai masu kama ɗaya har sau biyu ko uku, sannan a ci gaba da ƙulla aure a cikinsa ba wanda ya buɗe baki, don kada a ce gidan wane akwai abu. A 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma abu ne mai kyau. Sai dai ki sani gwajin jinin da ake yi don sikila ba ya ganin wannan lalura. Takarda za ta nuna AA da AA, a ɗaura aure, abin yana nan. Abin da ke tona shi tun kafin aure shi ne tarihin gida, kuma tarihin gida a bakin tsofaffin mata yake.

Yanzu batun ganewa tun ciki bai tsufa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi sikanin aƙalla sau ɗaya kafin mako 24. Wanda ake duba halittar jariri gaba ɗaya kuwa tsakanin mako 18 da 22 ake yin sa. Matsalar ita ce mu da yawa sikanin ɗinmu na tambaya biyu ne: mace ko namiji, kuma yaushe ne haihuwa. Ƙagewar gaɓoɓi tana wuce mai dubawa cikin sauƙi, har a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki, saboda sai an zauna an jira a ga ko gwiwa za ta lanƙwashe, ko gwiwar hannu za ta miƙe, ko yatsu za su buɗe. Jariri yakan yi barci a ciki, don haka kallon minti biyu ba ya raba mai barci da wanda ba ya iya motsi. Mai dubawa da ya san tarihinki zai nemi ƙafa da ta murɗe, hannu a dunƙule da ba ya buɗewa, ƙaramar haɓa, matsattsen ƙirji, kumburi a bayan wuya ko a jiki, da tumbin da ba a ganin ruwa a cikinsa saboda ba ya haɗiya. A nau'o'i masu tsanani ana iya fara gani tun mako 12 zuwa 14, wasu kuwa sai cikin ya haura wata biyar, shi ya sa dubawa ɗaya ba ta wadatar da mai irin tarihin ƙanwata.

Akwai gwajin da ya fi sikanin tabbaci. Ana ɗibar ɗan ƙaramin yanki na mabiyiya wajen mako 11 zuwa 14, ko ruwan mahaifa daga mako 15, a duba ƙwayar gadon. A Legas, cibiyar sikila ta ƙasa da ke Idi-Araba ta daɗe tana irin wannan gwaji don sikila. Amma sikila ƙwaya ɗaya ce sananniya, ita kuwa ƙagewar gaɓoɓi ƙwayoyin da ke iya jawo ta sun kai ɗaruruwa. Sai an fara gano wacce ce ta gidanku, daga jinin jaririn da ya rasu ko na iyaye, yawanci a wani ɗakin gwaji na ƙasar waje, kuma ba kowane iyali ake dacewa a gano tasu ba. Da aka faɗa mana kuɗin, ko amfanin gonar shekara aka sayar ba zai biya ba. Muka tsaya a kan sikanin. An kuma ɗebi jinin ƙanwata don a kawar da wata cuta mai raunana tsoka da wasu iyaye mata ke da ita, wadda garkuwar jikinsu kan ratsa mabiyiya ta hana ɗan motsi. Wannan ita ana iya yi wa uwa magani, don haka yana da kyau a duba.

Za ki iya tambaya, idan ba magani, mene ne amfanin sani? Inna ma ta tambaya. Dokar Najeriya ba ta yarda a cire ciki ba sai don ceton ran uwa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi zama a 1990 ta ce idan kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da naƙasa mai tsanani marar magani kafin kwana 120, ana iya cirewa bisa buƙatar iyaye, amma mazhabar Malikiyya da muke bi ta fi tsanantawa a wannan babi. Wannan magana ce ta ki da mijinki da malamin da kuka amince da shi, ni ba fagena ba ne. Amfanin da na gani da idona na uwa ne. Cikin da ruwa ya yi wa yawa yana jawo naƙuda kafin lokaci, ɗan yakan zo a gicciye ko da ɗuwawu, cibiya na iya riga shi fitowa, mahaifar da ta buɗe fiye da kima kuma takan kasa tsukewa bayan haihuwa, jini ya ɓalle. Wannan ba haihuwar ɗaki ba ce, balle a ƙauyen da idan dare ya yi samun mota aiki ne. Idan an sani, za a shirya haihuwa inda akwai jini da likita, a rage ruwan idan ya hana ta numfashi, a kuma yi shawara tun da wuri ko ya dace a yanka uwa saboda jaririn da tiyata ba za ta cece shi ba. Uwa kuma ta samu ta shirya zuciyarta, ta ce a ba ta ɗanta ta riƙe, a yi masa huɗuba, a sa masa suna. Har yau ƙanwata tana cewa ba ta san fuskar na farkon ba.

Kada kuma wannan rubutu ya tsorata ki fiye da kima. Kusan jariri ɗaya cikin 3,000 ake haifa da ƙagewar gaɓoɓi fiye da ɗaya, kuma mafi yawansu ba wannan mai kisa ba ce. Huhunsu lafiya, hankalinsu lafiya, da gashi da ɗauri da tiyata suna girma su yi karatu su yi aure. Murɗaɗɗiyar ƙafa ita kaɗai kuwa ana gyara ta da filasta idan an fara tun jariri yana ɗanye, Asibitin Ƙashi na Dala suna yi. Yawan ruwa ma sau da yawa ciwon suga ne ko wani dalili daban. Wanda ba na so ki yi wasa da shi shi ne wannan: ɗan da ya saba motsi, sai kika ji ya rage ko ya yi shiru, a ranar za ki tafi asibiti. Kada ki jira gobe, kada ki yarda da cewa ciki ne ya kwanta. Yawanci wata matsala ce daban, kuma irin wadda ake ceto idan an yi sauri. Idan kuma Allah Ya jarrabe ki da rasa jariri mai wata halitta da ba a saba gani ba, ki adana katin asibiti, ki bar wani ya ɗauki hoto ko da ba za ki iya kallo ba. Na san abin yana da nauyi a al'adarmu. Hoton nan na wayar mijinta shi ya buɗe mana ƙofa.

An duba ƙanwata a mako 13, aka sake a 16, aka sake a 20. A na ukun ina tsaye a bayan likitar. Ni ba abin da nake ganewa a allon sai inuwa, sai ta ce mu duba nan. Wani ɗan hannu ne, ya dunƙule, ya buɗe yatsu biyar, ya sake dunƙulewa. Ƙanwata ta sa gefen hijabinta ta rufe fuska.

Yaron yanzu yana rarrafe, ba abin da ya bari a tsakar gida. Likitar ta gaya musu ƙwaryar tana nan yadda take, ciki na gaba ma ɗaya cikin huɗu ne, kuma shi kansa yaron da yayarsa kowannensu zai iya kasancewa yana ɗauke da ƙwayar a ɓoye, kashi biyu cikin uku. Ranar suna, goggon nan da ta ce a nemo maganin tayar da ciki ta ɗauke shi tana masa rawa, ta ce ta riga ta yi masa mata, jikarta ta wajen ɗanta. Mata suka yi guɗa. Uban yana bakin ƙofa, ya yi murmushi ya ce, "Goggo, Allah Ya raya su. In lokacin ya zo, akwai maganar da za mu zauna mu yi tukuna."